Jinin da Ba Nasa Ba

Ranar da ya fara ganinta, bai gama ganin fuskarta ba ya suma.

Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, sunan kuma ya bi shi har shagonsa na gyaran agogo. Wata biyu ya yi yana fama da jiri da kasala. Da ya sunkuya a kan aiki, sai ƙananan kusoshin su riƙa yawo a idonsa. Sau biyu yana zuwa asibiti yana tarar da layi har bakin titi, ya juyo. Wani mai kawo masa gyara ne ya ce masa ai yanzu mutum na iya sayen gwajin jini ta waya, ba sai likita ya rubuta masa ba.

Ya shiga shafin intanet ɗin da mutumin ya nuna masa, ya yi rajista: suna, ranar haihuwa, namiji ko mace. Ya zaɓi gwajin ƙarancin jini, ya biya da kati. Shafin ya tambaye shi, a aiko maka da kwalin kayan gwaji gida ka huda yatsa da kanka, ko za ka je a ɗiba maka? Ya dubi yatsunsa, da su yake ci da sha, ya zaɓi na biyu. Lamba ta shigo wayarsa, da kwatancen wani kemis mai ɗakin ɗibar jini a bayansa, da gargaɗin kada ya karya kumallo kafin ya je.

Ɗakin ɗan ƙarami ne. Kujera mai faffaɗan hannu, ƙaramin firji, kwandon zubar da allura, sai agogon bango da ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma. Wata budurwa cikin farar riga tana liƙa takardu masu lamba a jikin kwalabe.

"Sunanka da ranar haihuwarka?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ai ga su nan a wayar."

"Na gani. Daga bakinka nake son ji. Jini ba ya magana, duk sunan da aka liƙa masa shi zai amsa."

Ya faɗa. Ta ɗaure masa damtse, ta shafa auduga mai sanyi. Ya ga tsinin allura, ya ga gefen fuskarta, daga nan duniya ta yi duhu.

Da ya farfaɗo, fifita take yi masa da fayil.

"Sannu, Jarumi."

"Me ya faru?"

"Ba komai. Allurar ce ta ji tsoronka."

Kunya ta hana shi kallonta, sai ya kalli bango. "Agogonku ya tsaya."

"Kai ma ka tsaya ɗazu, ga shi ka tashi."

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo cewa sakamako ya fito. Layuka kore reras, ɗaya ne kawai ja. A ƙasa likitan shafin ya yi bayani dalla-dalla: jininsa ya ɗan yi ƙasa, ga abin da zai ci, ga ƙwayar da zai sha. Babu abin da bai gane ba. Duk da haka ya rufe shago, ya ɗauki jakar kayan aiki, ya tafi a yi masa bayani.

Ta karanta masa abin da ya riga ya karanta. Shi kuma ya sauke agogon bangon, ya ɓata rabin awa a kan aikin da minti biyu ya isa.

"Me za a ba ka?" ta ce.

"Lambar waya. Saboda ko zai sake tsayawa."

"Lambar kemis tana jikin ƙofa."

"Ai ba kemis ne ke kallon agogon ba."

Daga ranar saƙonni suka fara kai-komo.

"Mai Allura, agogo yana tafiya?"

"Yana tafiya, Jarumi. Ka sha ƙwayarka?"

"Na sha. Amma jirin ya sauya salo. Yanzu sai na tuna ɗakin nan naki yake tasowa."

"Wannan ba ya cikin jerin gwaje-gwajenmu. Ka nemi wani shafin."

"Na duba ko'ina. Wuri ɗaya aka ce ana ɗiba."

"Allah ya shirye ka. Ka ci abinci."

Auta ba mai yawan magana ba ne. Tun yana ƙarami ya saba da zaman shiru, shi da agoguna. Ita ce ta koya masa cewa mutum na iya yin dariya ba tare da wani dalili ba. Kafin wata biyar ya daina ce mata Mai Allura a saƙo, ya koma Allurata, ita kuma Jarumin nan da ta soma da tsokana ya zama sunan da take faɗa a hankali.

Mutum ɗaya ya fara gaya wa, Yayarsa. Ita ta raine shi tun yana ɗan shekara tara, bayan Innarsu ta yi jinya cikinta ya kumbura, idanunta suka yi rawaya, ta rasu. Yaya ɗinki take yi a gida, tana da miji da 'yan mata biyu. Ta ga yarinyar, ta yaba da hankalinta, har ta ɗinka mata mayafi. Shi kuwa don jin daɗi bai bar komai ba, ya ba ta labarin shafin, da yadda ake aiko da kwali har gida ba wanda ya sani.

Da ya san inda maganar za ta sauka, da ya haɗiye ta.

Wata la'asar ya je gaishe ta, ya tarar ta tsayar da keken ɗinki ta zuba wa zare ido.

"Auta, rufe ƙofar."

Ya rufe.

"Dubi idona da kyau. A haske."

Ya duba. Ya ga farin idon ya yi rawaya, amma ya ce, "Gajiya ce, Yaya."

"Haka muka riƙa ce wa Inna." Ta sauke murya. "Kwalin nan da ka ce ana aikowa. Akwai na ciwon hanta?"

"Akwai. Kawo wayarki in yi miki rajista."

"Wayata? Baban yara ne ya saya, shi ya san lambar buɗewa, duk saƙon da ya shigo sai ya gani. Kuma ka san abin da ya ce da aka samu abokin aikinsa da ciwon nan. Cewa ya yi ciwon masu yawon banza ne. Ya daina cin abinci da shi har mutumin ya mutu. Ka saya da sunanka."

"Yaya, ba a yin haka. Sunan mai jini ake sawa."

"Wa zai sani? Yatsa ne fa, ba fuska ba. Ni dai in san inda nake, shi ke nan."

Ya tuna muryar da ta ce masa jini ba ya magana. Ya kuma tuna hannun da ya yi masa wanka, ya wanke masa kayan makaranta shekara da shekaru. Ya ciro wayarsa.

Kwalin ya zo shago bayan kwana uku. A ciki akwai 'yar allurar huda yatsa, da ƙaramar kwalba, da takarda mai lamba, da ambulan mayarwa. A ɗakin ɗinki ta wanke hannu da ruwan ɗumi kamar yadda takardar ta ce, ya huda mata, jini ya riƙa ɗiga har ya kai layin da aka zana. Ya liƙa takardar da ke ɗauke da sunansa, ya kai gidan waya. Bai gaya wa Mai Allura ba. Shi ne abu na farko da ya taɓa ɓoye mata.

Wannan karon ba saƙo aka aiko ba, kira aka yi.

"Kai ne mai wannan suna? Faɗa min ranar haihuwarka."

Ya faɗa.

"Ni likita ce daga wurin da ka yi gwaji. Kana wurin da za mu iya magana? An ga alamar ƙwayar cutar hanta a jininka. Kada ka firgita, ana rayuwa da ita in an kula. Amma dole ka je asibiti a sake tabbatarwa, a duba lafiyar hantar. Mutanen gidanka ma a gwada su, wanda bai da ita a yi masa rigakafi. Kana da iyali?"

"A'a," in ji shi. Gaskiya ya faɗa, amma bai taɓa yin ƙaryar da ta kai ta nauyi ba.

Da ya kai wa Yaya saƙon, ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da warware wani ɗinki.

"To na ji."

"Likita ta ce ki je asibiti. Ta ce a gwada yara."

"Zan je. Bari in samu yadda zan gaya masa tukuna. Amma ka rantse min, Auta. Ba shi, ba yarinyar nan taka, ba kowa."

"Yaya..."

"Ka rantse. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya rantse da Allah.

Wata ya wuce, wani ya bi bayansa. Duk lokacin da ya tambaye ta, sai ta ce sati mai zuwa.

Ana cikin haka ya je gaban mahaifin Mai Allura. Dattijon ya yi shekara talatin yana aikin duba ma'auni a kasuwanni kafin ya yi ritaya, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Sikeli. A falonsa har yanzu duwatsun awo na tagulla suna jere a kan kanta, daga babba zuwa ƙarami. Ya yi wa Auta tambayoyi, ya saurara, sannan ya cire tsohon agogonsa da ya daɗe da tsayawa ya miƙa masa.

"Duba min wannan in ka samu sarari. Sharaɗina kuwa ɗaya ne. Uwata aikin jini take yi, ba zan aurar da ita a makance ba. Ku yi gwaji ku duka biyu, ku turo min in gani da idona."

Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Auta ya sayi gwajin masu shirin aure a shafin, ya koma kujerar nan mai faffaɗan hannu.

"Sunanka da ranar haihuwarka?" ta ce tana danne dariya.

"Haba, Allurata."

"Doka ce, Jarumi. Ko mijina ne sai ya faɗa. Kalli agogo, kada ka ba ni kunya."

Bai suma ba. Sakamako ya fito kore tas, har da na hanta. A saman shafin akwai wurin da aka rubuta a aika wa wani. Ya danna, ya sa lambar Baba, ya tura, zuciyarsa fes. Abin da bai sani ba, shafin ba takarda ɗaya yake aikawa ba. Duk abin da aka taɓa gwadawa da sunan mutum yake haɗawa, sai in shi ya cire da hannunsa.

Washegari da hantsi aka ce Baba yana nemansa.

Takardu biyu ne a kan tebur, an danne kowace da dutsen awo. Mai Allura tana tsaye a bakin labule, idanunta sun yi ja.

"Zauna. Wannan ta jiya ce, ta ce ba ka da ciwon hanta. Wannan ta wata huɗu ce baya, ta ce kana da shi. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Wacce ce taka?"

Auta ya dubi takardun. "Ta jiya ce tawa, Baba. In kuna so mu je duk inda kuka zaɓa a sake ɗiba."

"Ba sai mun je ba. Uwata ta ce ita ta ɗiba da hannunta, na yarda da hannunta. Jininka lafiya lau. To ɗayar fa?"

"Ba jinina ba ne."

"Na wane ne?"

"Na yi rantsuwa, Baba. Ba zan iya faɗa ba."

Dattijon ya ɗaga wani dutse ya juya shi a tafin hannu.

"Yaro, in na samu sikelin da aka liƙa wa ƙarfe a ƙasa, ba ruwana da cewa yau an cire yana auna daidai. Ɗauke shi nake yi daga kasuwa har sai mai shi ya gaya min wa ya liƙa, kuma don me. Ka sa sunanka a kan jinin wani, ka bar likita ya yi magana da wanda ba shi ne marar lafiya ba. Wataƙila kana da dalili mai kyau. Amma ni ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da ke da ɗakin da ba a shiga ba. Ka je. Ranar da bakinka ya buɗe, ƙofata a buɗe take."

Ta biyo shi har bakin gida.

"Kwali ka saya," ta ce. "Ina nan zaune da allura a hannu, ka zagaye ni ka sayi kwali. Don kada in ga mai yatsan."

"Allurata..."

"Kada ka kira ni haka yanzu. Mace ce?"

Ya kawar da kai. Hakan ya amsa mata.

"Wace ce ita a wurinka?"

"Wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"To mene ne? Kalma ɗaya ta ishe ni."

Kalmar tana bakinsa. Harafi huɗu ne kawai. Ya haɗiye ta.

Ta juya ta shige gida.

Sati uku bai ji daga gare ta ba. Ya gyara agogon Baba, ya aika da shi, aka karɓa ba a ce komai ba. Mai kemis ɗin da take aiki a bayansa ya daɗe yana sonta, mutum ne mai mota da iya magana. Labari ya iso wa Auta cewa ya fara kai ta gida, kuma ya ce mata shi ya san irin waɗannan kwalaye, samari ne ke saya wa 'yan matan da suke ɓoyewa. Aka ce har ya tura manyansa su gaisa da Baba.

Auta ya riƙa zama a shago, agoguna arba'in suna bugawa a kansa, kowanne da lokacinsa. Yana juya abu ɗaya a rai. In ya yi magana, ya ci amanar wadda ta zame masa uwa, wataƙila ya kashe mata aure. In ya yi shiru, ya rasa wadda yake so, ya bar ta da zargin abin da bai yi ba. A ƙarshe ya zaɓi shirun, har ya fara jin wani ɗan daɗi mai ɗaci a ciki, yana ganin kansa mutumin kirki da ya sadaukar da farin cikinsa. Yaya ma bai gaya mata an fasa ba. In ta tambaya, sai ya ce ana nan ana shiri.

Wata safiya yana buɗe shago saƙo ya shigo daga Mai Allura.

"Ban rubuto don mu shirya ba. Na daina tambayar ko wace ce. Amma na sake duba takardar nan, wata biyar ke nan. Ko wace ce, a takarda ba ta wanzu. Ba wanda zai kira ta, ba wanda zai tuna mata, domin kai aka kira. In tana da yara, su ma suna jira ba su sani ba. Ciwon nan ba ya ihu, a hankali yake ci. Ni ka riga ka rasa ni, ba komai. Amma don Allah kada ka rufa mata asiri har ka rufe ta da ƙasa. Ka kai ta asibiti."

Ya karanta sau uku. Sai ya zauna a bakin ƙofa, makulli a hannu.

Duk tsawon kwanakin nan aurensa yake aunawa da rantsuwarsa. Bai taɓa ɗora Yaya kanta a kan sikelin ba. Mai Allura, wadda take zaton mai jinin kishiyar sonta ce, ita ce ta tuna da ran Yaya.

Bai buɗe shagon ba. Ya tarar da Yaya kwance a kan tabarma kusa da keke, ta rame, zoben hannunta yana yawo.

"Yaya, an fasa aurena. Sati uku ke nan."

Ta tashi zaune. Ya gaya mata komai, takardu biyu, da duwatsun awo, da tambayar da ya kasa amsawa.

"Ba don a mayar min da aure na zo ba. Rantsuwata tana nan, ba zan karya ba ko zan mutu ban yi aure ba. Amma saurari wannan."

Ya karanta mata saƙon. Da ya kai wurin yara, sai da ya tsaya.

"Ita ta rubuto haka?" in ji Yaya. "Tana zaton budurwarka ce?"

"Haka take zato."

"Kuma ta ce a kai ni asibiti."

"Yaya, ni na huda miki yatsa. In kika bi Inna, da hannuna a ciki. Zan iya rayuwa babu mata. Ban san yadda zan yi da wannan ba."

Ta juya fuska bango. Ya jira har aka kira azahar, ya tashi ya tafi.

Kwana biyu bayan haka yana cikin aiki inuwa ta rufe masa haske. Yaya ce, da mayafinta na fita, da wayarta a hannu.

"Na gaya masa jiya," ta ce. "Bai ce uffan ba. Da safe na ga ya ware min kofi da cokali." Ta ajiye wayar a kan teburin. "Yi min rajistar. Da sunana."

Ya rubuta sunanta, da ranar haihuwarta. Mace. Shafin ya yi tambayarsa, kwali ko a ɗiba.

"A ɗiba. A wurinta."

Da suka shiga ɗan ɗakin, Mai Allura ta ɗago, ta gan shi, fuskarta ta ɗaure. Sai ta ga wadda ke bayansa.

"Yaya? Sannu da zuwa. Lafiya?"

Yaya ta zauna a kujerar, ta naɗe hannun riga, ta miƙa wayar. Mai Allura ta karanta sunan gwajin. Ta dubi idanun Yaya. Ta sake duban wayar.

"Kin taɓa ganin sakamakon jinin nan, ƙanwata," in ji Yaya. "Sunan ne kawai ba nawa ba. Ni na sa shi ya rantse."

Audugar ta faɗi daga hannunta. Ta durƙusa a gaban kujerar, ta kifa kai a gwiwar Yaya, kafaɗunta na rawa.

"Ki yafe min. Abin da na zata..."

"Ke za ki yafe min. Tashi ki yi aikinki, kada in canza shawara. Gidanmu ba mu da jarumta a gaban allura, kin sani."

Ta tashi tana dariya tana share hawaye. Ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta ja numfashi.

"Sunanki da ranar haihuwarki?"

Yaya ta faɗa da ƙarfi, kamar mai ba da shaida.

Daga nan gidan Baba Sikeli ta ce a kai ta. Ta shiga ita kaɗai. Auta bai san abin da suka ce ba, ya dai ga dattijon ya rako ta har bakin ƙofa, ya tsaya ya dube shi.

"Laifinka yana nan, ka sani. Ka yi ƙarya a inda ba a yi."

"Na sani, Baba."

"Amma na ga wanda ya liƙa ƙarfen, na kuma ga don me. Ka turo manyanka."

Sai a lokacin Auta ya lura da agogon da ya gyara a hannun dattijon, yana tafiya.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Jarumi."

"Na'am, Allurata."

"Ba komai. Ina gwada sunan ne in ji ko yana aiki."

Ba duka abin ya zo da sauƙi ba. Asibiti suka ce hantar Yaya ta taɓu, da ta zo da wuri da ya fi, magani kuma za ta sha shi har iyakar rai. Likita ya ce mai yiwuwa tun daga haihuwa ta samo shi wurin Inna. Aka gwada yaran. Babbar ba ta da shi, ƙaramar tana da shi. Ranar da aka faɗa, Yaya ta yi kukan da ba ta yi wa kanta ba. Mijinta an gwada shi ba a samu komai ba, aka yi masa rigakafi tare da Auta. Likita ya yi masa bayanin cewa ba a ɗauka ta kofi ko cokali. Ya ji, ya gyaɗa kai, kofin dai ya ci gaba da zama a ware. Amma shi yake kai ta asibiti duk ranar da aka ba ta, ya zauna a mota ya jira.

Mai kemis ya janye ba hayaniya. Auta ya rubuta wa masu shafin ya faɗi gaskiya, suka cire takardar daga sunansa, suka gargaɗe shi kada ya sake.

Aka ɗaura aure ranar da hadari ya haɗu tun safe bai zubar ba. Ba a yi taro mai yawa ba. Yaya ce ta ɗinka kayan amarya, a zaune, tana hutawa tsakanin hannu da hannu. Da aka kawo amarya ɗakinta, ita ta riƙo ta har bakin gado, sannan ta kamo hannun Auta ta haɗa da nata.

"Ga shi nan. Na raine shi, na kusa kashe masa rayuwa, ke kika tsamo mu mu biyu. Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'ya masu lafiya. Kada Allah ya sa ɗayanku ya ɗauki abin da zai ɓoye wa ɗaya."

"Amin, Yaya," suka ce tare.

Baba Sikeli daga bakin ƙofa ya ce, "Allah ya yi muku albarka, Uwata. Kai kuma ka riƙe min ita da gaskiya."

Tari ya sarƙe Yaya saboda doguwar magana. Amarya ta zuba ruwa ta ba ta, ta sha rabi. Sai amarya ta karɓi kofin, a gaban kowa, ta shanye sauran. Mijin Yaya yana tsaye a bayan Baba. Ya gani, ya sunkuyar da kai.

Da mutane suka watse, ruwan ya sauko. Suka zauna su biyu suna jin sa a kan rufi.

"Sunanka?" ta ce a hankali.

"Jarumi."

"Na wa?"

"Naki. Ba na kowa a ciki."

Ta ɗora kanta a kafaɗarsa. A bango agogon da ya rataya mata da safe yana tafiya daidai.